Dala 40 kafin a yi ruwan sama a cikin The Sims

Wata 'yar yayana da ke karatu a jami'a ta saka roƙo a zauren WhatsApp na gidanmu, wai a taimaka mata da kuɗi za ta sayi ruwan sama. Kowa ya ɗauka raha take yi. Ashe da gaske ne. Gem ɗin da take bugawa a kwamfutarta, The Sims 4, ba a damina ba a sanyi ba a zafi a cikinsa, kullum gari wasai, sai ka sayi wani ƙarin ƙunshi mai suna Seasons. Kuɗinsa kusan dala 40.

Nan aka yi mata ca. Ɗaya daga cikin baffanninta ya ce, "Ke yanzu da girmanki wasan 'yar tsana kike yi?" Gwaggonta ta ce gara ta shiga kicin ta dafa abincin gaske. Ita kuma ta amsa da ladabi, "Allah ya huci zuciyarka Baffa, ai ku ma duk wata kuna biyan kuɗin kallon ƙwallo."

Abin da ya ba ni haushi shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Duk cikin masu faɗan babu wanda ya tambayi yadda aka yi kamfani ya cire damina daga wasan da ya kira wasan rayuwa, ya ajiye ta gefe, ya sa mata farashi.

Ra'ayina a taƙaice: buga irin waɗannan wasanni ba abin kunya ba ne, ko ga babba. Abin da ya cancanci a yi fushi da shi shi ne yadda ake sayar da su, gutsure-gutsure, da sunan kyauta, kuma a ƙarshe wanda ya biya kuɗin bai mallaki komai ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba

A The Sims kai ne kake tsara mutum, kamanninsa da tufafinsa da halinsa. A ba ka kuɗin wasa 20,000, ka sayi fili ka yi gini, ka nema masa aiki, ka kula da cinsa da barcinsa da wankansa. Zai yi abokai, ya yi aure, ya haihu, ya tsufa, ya mutu, 'ya'yansa su ci gaba. Babu abokin gaba da za ka harbe, babu kofi da za ka ɗaga. Mutanen ciki ma wani yare suke yi da aka ƙirƙira, babu ƙasar da ake jin sa.

Wani Ba'amurke, Will Wright, shi ya ƙago shi. Gobarar da aka yi a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1991 ta cinye gidansa, sai da ya sake sayen kayan gida ɗaya bayan ɗaya, kuma daga nan tunanin ya ƙara nuna. Na farko ya fito a shekarar 2000, na biyu 2004, na uku 2009, na huɗu 2014. Kamfanin Electronic Arts, wanda ake kira EA, shi ke da shi, wato dai kamfanin da ya daɗe yana fitar da FIFA.

"Aikin banza ne, wasan yara ne"

Mu da muka taso muna ganin auren 'yar tsana bai kamata wannan wasa ya zame mana baƙo ba. Yara mata su samo kara ko ƙashi su yi amarya, su je wurin tela su tsinto ƙyalle su ɗinka mata kaya, su tara murfin kwalba da gwangwanin tumatir su yi jere, a sa ranar biki, a kai amarya gidan ƙawa da guɗa. Iyaye mata har gudummawa suke bayarwa. Ba wanda ya taɓa cewa yarinyar ta lalace. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi ne wannan, sai dai an ƙara masa lissafin kuɗi da tsufa da mutuwa.

To me ya sa ake dariya? Ina ganin don mata ne suka fi buga shi. Kamfanin da kansa ya sha faɗin cewa yawancin masu wasan mata ne. Saurayi zai wuni a gidan gem yana PES, magidanci zai kwashe daren Talata da Laraba a gidan kallo, a dawo majalisa a ɗora musun wa ya fi wani tsakanin Messi da Ronaldo har ƙarfe ɗayan dare, duk wannan sunansa hutawa. Budurwa ta zauna a ɗakinta tana tsara falo da kicin a kwamfuta, wannan kuma sunansa rashin aikin yi. Ban ga ma'aunin da aka auna ba.

Kuma na fahimci abin da ke jan matasanmu zuwa gare shi. A cikin wasan, mutum zai ɗauki waya ya nemi aiki, nan take a ba shi, ba wanda zai tambaye shi wa ya turo shi. In ya dage da koyon sana'arsa, ƙarin girma zai zo. In ya shiga jami'a zai gama a kan lokaci, babu yajin aiki. Wuta ba a yanke ta sai in ka ƙi biyan bil. Wanda ya gama bautar ƙasa shekara uku yana yawo da takardu, in ya samu awa ɗaya a duniyar da wahala take biya, ni ba zan yi masa gori ba. Ba mu kaɗai ba ne ma. A Maris 2020, daidai lokacin kullen korona, Nintendo ta fitar da Animal Crossing: New Horizons, wasan da ba abin da ake yi a ciki sai kamun kifi da shuka da gyaran gida, aka sayi sama da kwafi miliyan 40.

Amma akwai gaskiya guda a bakin masu suka, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙwallo minti 90 ce, alƙali ya hura kowa ya watse. Wannan wasa ba shi da alƙali. Kullum akwai ɗan abin da ya rage: bari in ƙarasa rufin nan, bari yaron ya shiga makaranta, bari in ga bikin. Kafin ka ankara an kira assalatu. Ɗalibin da bai iya cewa kansa "ya isa" ba, wannan wasan zai ci masa jarrabawa, kuma ya sa shi makarar salla. Wannan dalili ne na sa wa kai iyaka. Bai zama dalilin raina wanda ya iya sa wa kansa iyakar ba.

"Zai ɓata tarbiyya"

Wannan ita ce sukar da na fi ɗauka da nauyi, kuma ba zan rufe ta da zance mai daɗi ba.

Wasan ba na ƙananan yara ba ne. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa shi a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama, ta Turai ta ce 12. Rasha kuwa a 2014 cewa ta yi sai 18. A ciki saurayi da budurwa za su iya zama gida ɗaya ba aure, su haihu. Ana kwanciya, duk da an rufe da bargo ba a nuna tsiraici. Akwai mashaya, akwai gidan rawa. Soyayya tsakanin jinsi ɗaya tana nan tun fitowar farko, kuma daga baya an ƙara aure. Uban da ya ga zanen katun ya ɗauka abin yara ne ya miƙa wa ɗan shekara tara, ya yi sakaci.

Sai dai a lura, yawancin waɗannan abubuwa mai wasan ne yake zaɓa. Ba fim ba ne da za a zuba maka abin da aka ga dama kana zaune. Wanda ya so zai iya shekara yana gine-gine kawai. Wani kuma, an san wannan tun zamanin na farko, sai ya tura mutum cikin wurin ninƙaya ya cire tsanin fita ya zauna yana kallo har ya nutse. Wasa ɗaya ne, halin masu riƙe da shi ne ya bambanta. Shi ya sa na fi yarda da uwar da za ta jawo kujera ta ce, "Nuna mini gidan naki in gani," a kan wadda za ta ƙwace kwamfutar ba ta san me ke ciki ba. A minti goma za ta gane inda hankalin 'yarta ya karkata, fiye da abin da tambaya za ta fito da shi.

Masu tambayar hukuncin tsara surar mutum a kwamfuta kuwa, wannan fagen malamai ne. Roƙona kawai a kai musu tambayar da cikakken bayani, a buɗe wasan su gani da idonsu, kada a je a ce musu "akwai wani gem da ake halittar mutane" a tsaya nan.

Ni abin da ya fi damuna ba a cika ambatonsa ba. Wace irin rayuwa ce wasan yake kira rayuwa? Gida ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum takwas, har da kare da kyanwa in ka saye su. Gidanmu na gado ba zai shiga ba ko an raba shi uku. Babu mata biyu. Babu masallaci, babu coci. Babu suna da yankan rago, babu zaman makoki na kwana uku, babu ƙanin mahaifi da zai sauka daga ƙauye ya yi wata biyu ba wanda ya isa ya tambaye shi ranar tafiya. Yaro yana girma ana sa ran ya tattara ya koma gidansa shi kaɗai. Kuma gado mai tsada ya fi kawar da gajiya, murhu mai tsada ya fi dafa abinci mai kyau, don haka hanyar jin daɗi ita ce ƙarin sayayya. Rayuwar unguwannin masu matsakaicin hali ce ta Amurka, aka zuba ta a kwamfuta aka ce ga rayuwar ɗan Adam.

Ko fatar baƙar mace sai da aka yi da gaske. Shekaru baƙaƙen 'yan wasa suna kuka cewa launukan da aka ba su sun yi toka-toka, suna haɗa nasu da kansu suna rabawa, kafin kamfanin ya ƙara launukan fata sama da 100 a Disamba 2020. Hijabi da hula irin ta Musulmi kuwa sai Satumba 2019 suka shigo, shekara biyar bayan fitowar wasan.

Wannan bai sa na ce a guje shi ba. Finafinan Indiya da na Koriya da muke kallo su ma rayuwar wasu ce. Abin da nake so matashi ya sani shi ne hoton gidan wasu yake kallo, don kada wata rana ya fara ganin cikar gidansu da dangi a matsayin matsala.

Yanzu ga cinikin

Tun Oktoba 2022 aka mayar da tushen The Sims 4 kyauta. Kowa zai iya saukewa. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne abin da za ka tarar a ciki, da abin da ba za ka tarar ba.

Kana son damina da sanyi, dala 40. Kana son kare da kyanwa, dala 40. Jami'a, dala 40. Doki, wani dala 40 daban. Zaman birni a gidan bene, dala 40. Kiwon kaji da saniya, dala 40. A ƙasa da waɗannan akwai na dala 20, da na dala 10, da ƙanana na dala 5. A Janairu 2018 an fitar da ƙunshin dala 10 wanda aikinsa shi ne ya ba mutanenka damar yin wanki da shanya. A Maris 2021 aka fitar da na dala 5 wanda ke sa ƙura ta taru a ɗaki don ka samu abin sharewa. Ka biya kuɗin gaske don a ba ka shara.

Wanda ya ce sai ya haɗa duka a cikakken farashi, lissafin ya haura dala 1,000 tuni. A canjin naira 1,500 kan dala, inda aka daɗe ana zagaye a 2024 da 2025, ƙunshi babba guda ɗaya naira 60,000 ne. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, wanda aka sa wa hannu a Yuli 2024, naira 70,000 ne. In aka haɗa duka ƙunshin kuwa, kuɗin ya haura naira miliyan ɗaya da rabi. Ba a sa kuɗin data ba, wadda aka amince a ƙara mata kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, kuma wasan da ƙarinsa gigabait ne masu yawa, ga sabuntawa kusan kowane wata.

Masu kare kamfanin suna da amsa uku, kuma ba wawaye ba ne.

Ta farko, ba dole. Ba wanda ya sa maka wuƙa a wuya. Haka ne. Amma duk wanda ya buɗe wasan ya san fuskar farko da za ta tarbe shi tallar abin da bai saya ba ce. In ka shiga ɗakin baje kolin da 'yan wasa ke saka gidajen da suka gina, ka ga wani gida ya burge ka ka sauke, sai ka tarar rabin kujerun da tagogin sun ɓace, don daga ƙunshin da ba ka da shi aka ɗauko su. Kyautar an yi ta ne don ka shigo ka saba, ka kuma ga giɓin da idonka.

Ta biyu, ma'aikata albashi suke ci, kuma wasan ya haura shekara goma ana kula da shi. Wannan ma gaskiya ne, kuma zan ba su haƙƙinsu: akwai abubuwa da dama da suka ƙara kyauta. Sai dai a duba waɗanne ne. Wasan ya fito a 2014 babu wurin ninƙaya, babu yara masu tatata, jariri daga shimfiɗa sai ya miƙe ɗan firamare. Duka biyun suna cikin na biyu da na uku tun ranar farko. An maido wurin ninƙaya bayan wata biyu, masu tatata kuwa sai Janairu 2017. Wato wani kaso na kyautar maido da abin da aka cire ne.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. An sayar da dabbobin gida a 2002, aka sake sayarwa a 2006, aka sake a 2011, aka sake a 2017. An sayar da yanayin damina da sanyi a 2007, da 2012, da 2018. Jami'a a 2005, da 2013, da 2019. Duk sabon zubi sai a kwashe abin da mutane suka riga suka nuna suna so, a fito da wasan tsirara, a dawo da su ɗaya-ɗaya da sabon farashi. A na uku, kare da kyanwa da doki ƙunshi ɗaya ne. A na huɗu an raba, doki sai 2023 da nasa kuɗin. A Maris 2018 ma an fitar da wani ƙaramin ƙunshi na dabbobi wanda wasu kayansa ba sa aiki sai kana da babban na kare da kyanwa. Ƙari a kan ƙari.

Da a ce abin da ake sayarwar yana zuwa lafiya ma da sauƙi. A Fabrairu 2022 an fitar da ƙunshin biki na dala 20, 'yan wasa suka tarar baƙi ba sa zama, ba sa bin tsarin bikin, amarya da ango na tsaye jama'a na yawo. Sai daga baya aka gyara. Wanda ya yi saurin saye shi ya zama ɗan gwaji, da kuɗinsa.

Amsa ta uku ita ce haka kasuwar take, kowa haka yake yi. Ba kowa ba. Stardew Valley, wasan noma da zaman ƙauye, mutum ɗaya ne mai suna Eric Barone ya zauna sama da shekara huɗu ya haɗa shi, zane da kiɗa da komai. Ya fito a 2016 a kan dala 15. Daga nan zuwa yau ya yi ta ƙara masa manyan abubuwa, na baya-bayan nan mai girma a Maris 2024, bai karɓi ko sisi a kai ba. Ya sayar da sama da kwafi miliyan 40. Na san mutum ɗaya ba ya da nauyin albashin ɗaruruwan ma'aikata. Amma ya isa hujja cewa gutsurawar zaɓi ce aka yi, ba tilas ba.

Ka biya, amma ba naka ba ne

Wannan ne wurin da nake ganin yawancinmu ba mu sani ba. A da, in ka sayi faifan gem, naka ne. Ka ara wa aboki, ka sayar in ka gaji, ka bar wa ƙaninka. Yanzu abin da kake biya lasisi ne, izinin amfani da aka ɗaura a asusunka. Ba za ka iya sayar da shi ba. Ba za ka iya kyautar da wanda ka riga ka buɗe ba. A ƙa'idar manyan shagunan intanet, asusun ba ya komawa hannun wani, don haka ko rabon gado ba ya shiga. In aka rufe asusun ko aka sace shi ka kasa dawo da shi, dala 1,000 ɗin ta bi ruwa.

Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a Satumba 2024 da ta hana shagunan intanet rubuta "saya" ba tare da sun bayyana cewa lasisi ne ba. Cikin makonni shagon Steam ya fara rubuta hakan a wurin biyan kuɗi. Mu da muka san bambancin ciniki da haya tun a makarantar allo da zaure, bai kamata sai Kalifoniya ta tuna mana ba.

Kada a ce tsoro ne na banza. The Sims Social da aka yi ta bugawa a Facebook an rufe shi a Yuni 2013. The Sims Mobile na waya, a Oktoba 2025 kamfanin ya sanar zai kashe shi a Janairu 2026, tare da gidajen da mutane suka shekara suna ginawa da abin da suka kashe a ciki. Wani kamfanin, Ubisoft, ya kashe wasan tseren mota The Crew a Maris 2024, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗewa. Wannan ne ya tayar da gangamin da ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025, suna neman a hana kashe wasan da aka riga aka sayar.

The Sims 4 na kwamfuta ya fi waɗannan tsaro, don ana iya buga shi ba intanet. Amma ƙofarsa manhajar kamfanin ce, kuma makullin ba a hannunka yake ba. The Sims 2 ma an raba shi kyauta da duk ƙarinsa a Yuli 2014, daga baya ya ɓace daga kasuwa, sai ga shi a Janairu 2025 an dawo da shi a kan dala 30.

Na waya kuwa, wanda shi ne yawancin matasanmu suka fi iya kaiwa gare shi, salonsa daban ne. A The Sims FreePlay, in mutuminka ya kwanta barci ko ya fara wani aiki, awannin gaske za ka jira, sai dai in ka biya a gaggauta. Ƙananan kuɗi ne, shi ya sa ba a jin fitarsu. Duk wanda ya ɗaura katin bankinsa a wayar da yara ke ɗauka, ya je ya cire tun kafin alat ya fara shigowa.

"To sai mu sa a tura mana na sata"

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin The Sims da ke kwamfutocin ɗalibanmu ba saye aka yi ba. Ana kai kwamfuta wurin masu tura gem, a ba da ɗan abin da ya samu, a zuba maka wasan da duk ƙarinsa. Kuma na san hujjar: kamfanin da zai nemi albashin wata a wurin ɗan Najeriya bai sa shi a lissafi ba tun farko.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta gamsar da ni ba. Tsadar kaya ba ta halatta ɗauka, musamman kayan da ba abinci ba ne ba magani ba. Ga kuma haɗarin da ake rainawa. Irin waɗannan kwafi sai ka kashe manhajar tsaron kwamfuta kafin su shiga, kuma ba ka san me ya shigo tare da su ba. Kwamfutar nan ita ce mai ɗauke da furojet ɗinka, da imel ɗinka, da kalmomin sirrin da burauza ta adana.

Akwai hanya tsakanin biyun. Tushen kyauta ne, halal. Ana yin rangwame sau da yawa a shekara, manyan ƙunshin da suka kwana biyu sukan sauko zuwa rabin farashi, don haka biyan dala 40 cif gaggawa ce kawai. Mutum ya zaɓi ɗaya ko biyu da suka dace da yadda yake wasa, ya bar sauran. Kada a sayi sabo a makon fitowarsa. Sannan akwai dubban tufafi da kitso da kayan ɗaki da 'yan wasa ke haɗawa da kansu, kuma tun 2022 ƙa'idar kamfanin ita ce a raba su kyauta, in ban da ɗan lokacin da mai haɗawa zai fara ba masu tallafa masa. Su ma a sauke su daga sanannun wurare, don an taɓa kama masu cusa ɓarna a cikinsu.

A nan ne ma nake ganin damar da muke bari tana wucewa. Manhajojin da ake wannan aiki da su, Blender da Sims 4 Studio, kyauta ne. Baƙaƙen mata a Ingila da Amurka sun yi suna da haɗa kitso da launin fata, har kamfanin ya koma yana aiki da wasunsu. Babbar riga da hular zanna da atamfa da lalle da gadon amarya da jeren kwalla, wa muke jira ya haɗa mana?

Saudiyya ta shigo

Shekaru da yawa The Sims ba shi da kishiya ta gaske, shi ya sa yake cin karensa ba babbaka. Kamfanin Paradox ya yi yunƙuri da Life by You, ya soke shi a Yuni 2024 kafin ya fito. A Maris 2025 Krafton na Koriya ta Kudu, masu PUBG, suka fitar da inZOI a kan dala 40, aka sayi miliyan ɗaya cikin mako guda. Sai dai yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfin da irin laftof ɗin da ɗalibanmu ke saye na hannu ba za ta ɗauka ba. EA kuma ta ce a 2024 ba ta da shirin fitar da The Sims 5, za ta ci gaba da na huɗu. Ga wanda ya riga ya zuba kuɗi wannan albishir ne, ba za a ce ya sake daga farko ba. Ga wanda zai shigo yau kuwa, jerin abin saye ƙara tsawo yake yi.

A ƙarshen Satumba 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen kamfanin EA baki ɗaya a kan dala biliyan 55. Masu sayen su ne asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, da kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Donald Trump. Na ga wasu 'yan uwa suna murna, wai Musulmi sun saya, yanzu za a tsabtace wasan. A can Turai da Amurka kuma wasu fitattun masu wasan sun yanke hulɗa da kamfanin don tsoron hakan. Duka ɓangarorin suna tuna cewa a 2018 an janye The Sims FreePlay daga Saudiyya da wasu ƙasashe shida.

Ni ba nan nake kallo ba. Wanda ya zuba biliyoyin dala riba ya zo nema, kuma ba zai so ya kori masu sayen da ke kawo ta ba. Abin da na riƙe daga sanarwar shi ne kusan dala biliyan 20 daga kuɗin cinikin bashi ne, kuma a irin wannan ciniki kan kamfanin da aka saya ake ɗora bashin. EA ce za ta biya shi da kuɗin ruwansa, daga wasannin da suka fi kawo mata kuɗi a kai a kai, wato na ƙwallon ƙafa da The Sims da ire-irensu. Don haka ban sa ran ƙunshin dala 40 zai sauko ba, kuma ina sa ran ƙananan nan na dala 5 za su ƙara yawa.